Masta a kan tsufa da kula da tsofaffi: amsa ga wata ma'aikaciyar jinya a Maraɗi

Wata ma'aikaciyar jinya da ke aiki a wata CSI, wato ƙaramar cibiyar lafiya, ta jihar Maraɗi ta aiko da wannan tambaya: "Dokta, ina da lisansi a aikin jinya, ina so in ci gaba zuwa masta. Raina ya kwanta da fannin tsufa da lafiyar tsofaffi, amma abokan aikina suna cewa ɓata lokaci ne, ƙasarmu ta yara ce, gara in bi fannin uwa da yaro inda aiki yake. Me ake koyarwa a fannin, a ina ake karanta shi, kuma in na dawo me zan yi da shi?"

Ƙanwata, Allah ya yi wa wannan niyya albarka. Ina goyon bayan ki karanta, sai dai ba ta kowace hanya ba, kuma ba da tsammanin akwai wata kujera da aka ajiye tana jiran ki ba.

Maganar abokan aikinki tana da ƙamshin gaskiya. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka kai 60 kuwa ba su wuce kamar 4 cikin 100 ba. Kuɗin ƙungiyoyin agaji ma wajen tamowa da rigakafi da awon ciki suke kwarara. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da na tiyatar haihuwa, shi kuwa tsoho mai hawan jini yawanci ɗansa ne ke biyan awo da magani wata bayan wata. To amma 4 cikin 100 na ƙasar da ta haura mutum miliyan 25, ai kusan mutum miliyan guda ke nan. Ƙidayar 2012 ta ba jiharmu kaɗai mutum miliyan 3 da dubu 400, mun kuma ƙaru sosai tun lokacin. Waɗanda za su cika 60 a 2050 ba jiran haihuwarsu ake yi ba, an haife su tun 1990, suna nan cikin kasuwa da gona da bisa kabu-kabu, da yawansu hawan jini ya fara kama su ba su sani ba. Sannan kada lissafin tsawon rai ya ruɗe ki. In aka ce tsawon ran ɗan Nijar shekara 60 da ƴan kai ne, mutuwar ƙananan yara ce ta jawo adadin ƙasa. Wanda ya riga ya kai 60, a lissafi yana da sauran shekara 15 ko fiye a gabansa, kuma yadda zai yi su, a tsaye ko a kwance, shi ne aikin wannan fanni.

Ƙofa biyu ce, ki san wadda ta dace da ke. Jeriyatiri likitancin tsofaffi ne, sai wanda ya gama karatun likita yake shiga, a tsarin Faransanci ta hanyar DES, wato takardar ƙwarewa ta likitoci. Jerontoloji kuwa ilimin tsufa ne baki ɗaya, jiki da ƙwaƙwalwa da zaman iyali da tattalin arziki da dokoki, kuma ma'aikacin jinya da mai gashin ƙashi da masanin zamantakewa da mai ƙididdigar jama'a duk suna shigarsa. Taki ita ce ta biyu. Ba za ta mai da ke likita ba, ba za ta ba ki ikon rubuta maganin da ba ki da ikon rubutawa yau ba. Abin da za ta ba ki shi ne idon da ke bambance tsufa da cuta.

Kin san maganar da muke ji kullum, daga bakin dangi har da bakin ma'aikata: "Ai tsufa ne." Tsohuwa ta daina gani, tsufa ne. Baba ya fara fitsari a kwance, tsufa ne. Ya ruɗe cikin kwana biyu bai gane ƴaƴansa, an ce gigin tsufa ne, a kai shi ɗaki a yi ta addu'a. Wasu ma suna kafa hujja da hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya ce a nemi magani, domin Allah bai sanya wata cuta ba face ya sanya mata magani, ban da guda ɗaya, tsufa. Hadisin gaskiya ne, kuma farkonsa umarni ne da neman magani. Tsufa ba ya warkewa, amma yanar ido ana cire ta cikin ƙasa da awa guda mutum ya koma karatun Alƙur'aninsa. Fitsarin da ya ƙi fita saboda kumburin prostat ana sa roba a sauke shi. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya kuwa kusan kullum akwai abin da ya tayar da ita: ciwon huhu, ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki, sukari da ya faɗi, ko wani magani da aka sha. Gigin tsufa na gaske a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Wanda ya zo tsakanin Litinin da Laraba gaggawa ce, kuma in an gano sanadin mutum yakan dawo hayyacinsa. Ma'aikaciyar da ta riƙe wannan bambanci kaɗai za ta ceci mutanen da za a bari su mutu a ɗaka.

A shekarar farko za a koya miki yadda jiki ke sauyawa. Ƙoda tana rage aiki a hankali tun daga wajen shekara 40, don haka maganin da saurayi ke sha ya fitar, a jikin tsoho taruwa yake yi. Jin ƙishirwa yana dusashewa, tsoho sai ya bushe bai nemi ruwa ba. Zazzaɓi ba lallai ya bayyana ba: tsohuwa tana iya zuwa da ciwon huhu mai tsanani jikinta ba zafi, abin da dangi suka gani kawai shi ne ta daina shan fura ta daina magana. Tsoka tana zubewa, kwanciya kuma tana cinye ta da sauri. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2007 ya nuna tsofaffi masu lafiya da aka kwantar kwana 10 sun rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafafu. Shi ya sa "ki kwanta ki huta, Inna" da muke faɗa cikin tausayi yakan zama silar da ba za ta sake tashi ba.

Sai darasin magunguna, wanda a ganina ya fi kowanne amfani a garinmu. Ki ce wa mai jinya ya kawo duk abin da Baba ke sha a leda guda, za ki ga abin mamaki: na likita, na farmasi, na mai talla bisa keke, na wanda aka aiko daga Katsina, ga jiƙo ga gari. Diklofenak da ibuprofen da ake sha kullum don ciwon gwiwa suna lalata ƙoda, suna huda ciki, suna tayar da tansiyo. Deksametazon yana kwantar da ciwon gaɓɓai na ɗan lokaci, sannan ya tayar da sukari ya lalata ƙashi. Glibenklamid, maganin sukari mai arha, yana iya kayar da sukarin tsoho har ya suma, musamman in bai ci abinci ba. Maganin hawan jini ma in ya yi yawa, mutum ya miƙe da asuba zai yi alwala sai jiri ya kayar da shi. Gwajin wannan ba ya cin ko dala: a auna tansiyo yana kwance, a sake bayan ya tsaya minti 1 da minti 3, in na sama ya sauka da 2, misali daga 14 zuwa 12, an ga matsalar. Akwai jerin magungunan da ya kamata a guje wa ga tsofaffi, na Beers da aka fara fitarwa a Amurka a 1991, da STOPP/START na ƙasar Ailan, za ki karance su. Faɗuwa kuwa ba ƙaramin abu ba ce, domin a ƙasashen da ake bin lissafi, cikin tsofaffin da suka karye a ƙugu mutum 1 cikin 4 ko 5 ba ya cika shekara. A nan, inda aka fi fara kai wa maɗori, ki ƙiyasta da kanki.

Fannin ya samo asali ne daga irin wannan lura. A 1935 aka danƙa wa wata likita a Ingila, Marjory Warren, wani tsohon gidan marasa galihu mai ɗauke da majinyata sama da 700 waɗanda aka yanke ƙauna da su. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, ta tarar da yawa suna da cutar da ba a taɓa ganowa ba, wasu kuwa kwanciyar ce kawai ta naƙasa su. Ta tayar da su, ta sa ana motsa musu jiki, da yawa suka koma gida da ƙafafunsu. Ba sabuwar na'ura ta kawo ba. Tambayar ta sauya, daga "wace cuta ce gare shi" zuwa "me yake iya yi da kansa, me ya hana shi sauran". A kan wannan tambaya aka gina ma'aunan da za ki koya, irin na Katz na 1963 mai duba abu shida: wanka, sa tufafi, zuwa makewayi, tashi daga shimfiɗa, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara su cikin tsarin da ta kira ICOPE, ta fitar da littafin aikinsa a 2019, kuma don ƙananan cibiyoyi irin taki aka yi shi. Cikin ƴan mintuna ana duba tunani, tafiya, cin abinci, gani, ji da halin zuciya: a ba mutum kalma uku ya riƙe, a ce ya tashi daga kujera sau 5 cikin daƙiƙa 14 ba tare da dafawa ba, a tambaya ko ya rame da kilo 3 cikin wata 3, a yi masa raɗa a bayan kunne.

Nan ne nake so ki buɗe kunne, don nan ne karatun waje yake iya cutar da ke in kin haɗiye shi yadda yake. An ƙera yawancin ma'aunan ne don mutumin da ya yi lakwal, yake zama bisa kujera, yake da kalanda a bango. Ɗauki gwajin tunani da ya fi shahara, MMSE, na 1975, mai maki 30. Yana neman mutum ya faɗi ranar wata da shekara ta boko, ya riƙa cire 7 daga 100, ya karanta jimla, ya rubuta jimla, ya kwaikwayi zane. Kai shi wurin wata Hajiya a Bagalam wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma tana riƙe da adashin mata ashirin a kanta, tana lissafa dala da jikka ba ta kuskure, ta san yau nawa ga watan Rajab, ta san ran kasuwar Tibiri. Za ta faɗi gwajin, ki rubuta tana da gigin tsufa, alhali ta fi ki riƙe lissafi. Masu bincike a Afirka sun daɗe da gane haka. Aikin haɗin gwiwa tsakanin Ibadan da Indiyanapolis, da aka fara a farkon shekarun 1990, ya yi amfani da gwajin da bai dogara da boko ba, yana kuma haɗawa da tambayar wani na kusa da tsohon, ya kuma samu cewa gigin tsufa ya fi ƙaranci tsakanin Yarabawan Ibadan a kan baƙaƙen fatar Amurka. Daga baya aka ƙera wani gajeren gwaji mai suna IDEA a Tanzaniya don mutanen karkara. Irin wannan aiki muke buƙata da Hausarmu.

Haka ma gwajin kujera. Tsofaffinmu bisa tabarma suke zama, tsugunne suke a makewayi, kuma abin da ke damun Malam ba hawan bene ba ne, a'a, ko zai iya zuwa masallaci da asuba, ya yi sujada ya ɗago, ya ɗauki butarsa da kansa. In kika tambayi tsoho "yaya jiki", zai ce da sauƙi, ko da kuwa babu. In kika ce "Baba, a tsaye kuke salla ko a zaune, tun yaushe", za ki sami amsar da ake iya aunawa. Shekarun ma sai kin nemo su, tunda da yawa ba su da takardar haihuwa. Akan bi ta abubuwan da kowa ke tunawa: wanda ya tuna ambaliyar gulbi ta 1945 da ta sa aka tayar da garin Maraɗi zuwa bisa tudu ya haura 80 nesa, wanda ya isa kiwon awaki lokacin da Kunce ya hau mulki a 1974 yana bakin 60, ga kuma yunwar 1984 da mutane ke kira El Buhari.

Wani ɓangaren da ɗalibai ke rainawa, ni kuwa nake ganin shi ne rabin aikin, shi ne na masu jinya a gida. Muna alfahari cewa mu ba ma kai iyayenmu gidan tsofaffi, kuma alfahari ne da ya dace. Amma ki shiga gidajen ki ga wa ke ɗauke da nauyin. Ƴaƴa maza sun tafi bida, wani Legas, wani Libiya, wani wurin haƙar zinariya a arewacin Agadas, suna aiko da abin da ya samu. Gona ta rarrabu tsakanin magada har ba ta ciyar da gida. Wadda ta rage ita ce matar ɗa mai goyo da ciki, ko jikanya ƴar shekara 12 da aka cire daga lakwal. In Baba ne ya sami shanyewar ɓarin jiki, ga kunyar surukuta: wa zai yi masa wanka, wa zai gyara shi in ya ɓata shimfiɗa? Ba wanda ya koya musu a juya shi duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya fito, ko a zaunar da shi sosai kafin a ba shi kunu, a kuma yi kunun da kauri, don mai ruwa-ruwa ya fi saurin sarƙe shi ya gangara huhu. Ba wanda ya ce musu kujera mai rami da kowane kafinta zai iya yi, da fitila a hanyar makewayi, da igiya ko ƙarfen dafawa, suna iya hana karaya. Akwai kuma waɗanda ba su da kowa, tsofaffin mata da ba su haihu ba ko ƴaƴan suka riga su, su ne kike gani a bakin masallaci ran Juma'a. Mafi ciwo a raina ita ce tsohuwar da ƙwaƙwalwarta ta taɓu, tana fita da dare tana sambatu, a wayi gari ana nuna ta da maita. Tun 2019 kuma yankin Gidan Rumji ya karɓi dubban ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, da tsofaffinsu a ciki, waɗanda aka raba da gona da maƙwabta da duk abin da ya riƙe su.

Ki ƙara da zafi da azumi. A farkon Afrilun 2024, cikin Ramadan, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, da yawansu sun haura shekara 60. Bazararmu ba ta da nisa da tasu. Addini ya ba tsohon da ba ya iyawa uzuri, amma da wuya ya karɓa daga bakin ƴaƴansa. Yakan karɓa in liman da ma'aikacin lafiya suka haɗa baki. Ba za a koya miki wannan a wata jami'ar Turai ba, ke za ki kai musu.

Batun inda za ki karanta. A yankinmu Senegal ce ta yi gaba: tun 2006 ta kafa shirin Sésame na kula da lafiyar ƴan shekara 60 zuwa sama kyauta, kuma asibitin Fann na Dakar yana da sashen tsofaffi da ke aiki da Jami'ar Cheikh Anta Diop. Ko wahalar da shirin ya sha wajen biyan asibitoci kuɗinsu darasi ce gare mu. Tunisiya ma tana koyar da fannin a tsangayoyinta na likitanci. A Kanada, Jami'ar Sherbrooke tana da masta da doktora a jerontoloji da Faransanci. Faransa tana da kwasa-kwasai da yawa, sai dai ki duba manhaja da kyau, don wasunsu horon shugabancin gidajen tsofaffi ne, da dokokinsu da lissafin kuɗinsu, abin da ba zai amfane ki a Mayahi ko Dakwaro ba. Ga kuma wahalar biza tun da aka rufe ofishin jakadancinta a Yamai a farkon 2024. In kina jin Ingilishi, Najeriya tana kusa: asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar tsofaffi ta Tony Anenih a 2012, wuri ne mai kyau na neman sanin makamar aiki. Jami'ar Southampton a Ingila tana ba da masta a jerontoloji ta intanet, amma da tsada, kuma tallafin Commonwealth da ƴan Najeriya da Gana ke samu bai shafe mu ba tunda Nijar ba ta cikin ƙungiyar. Akwai kuma cibiyar nazarin tsufa ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Malta, mai ba da gajerun horo ga ƴan ƙasashe masu tasowa.

In shawarata kike so, ga ta. Ba dole ne takardarki ta ɗauki sunan jerontoloji ba. Ki yi masta a kiwon lafiyar al'umma ko a kimiyyar jinya, a Yamai, ko a cibiyar koyar da kiwon lafiyar al'umma ta IRSP da ke Ouidah a Benin, ko a Wagadugu, ki ɗora dukan bincikenki na ƙarshe a kan tsofaffi, sannan ki nemi horon wata uku ko shida a sashen tsofaffi na gaske, Dakar ko Ibadan, inda za ki taɓa majinyata da hannunki. Dalilina shi ne, ma'aikatar lafiya da ƙungiyoyi sun san inda za su ajiye mai takardar lafiyar al'umma, kuma in ƙofar tsofaffi ta yi jinkirin buɗewa ba ki zauna ba aiki ba. In kuwa kin sami cikakken tallafi zuwa masta ta jerontoloji zalla, ki tafi, bisa sharaɗin bincikenki a gida za ki yi shi. Kowacce kika zaɓa, ki tabbata CAMES, hukumar da ke tantance takardun jami'o'in ƙasashen Afirka masu Faransanci, ta amince da takardar, ko kuma za a daidaita miki ita a nan, ki kuma sami izinin tafiya ƙaro ilimi a rubuce kafin ki biya ko sisi. Kwas ɗin intanet da ba shi da ranar da za ki tsaya gaban majinyaci, ba kuma malamin da zai bi aikinki, ki bar shi komai arharsa.

Aiki bayan dawowa, gaskiya sai kin ƙirƙire shi. Amma wuraren suna nan. Makarantun horar da ma'aikatan lafiya da tsangayar kiwon lafiya ta Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo suna yaye matasan da za su yi shekara 30 suna duba tsofaffi, suna buƙatar mai koya musu. Sashen manya na babban asibitin jiha da na asibitin ƙwararru cike suke da masu shanyewar jiki da ciwon zuciya da sukari, suna buƙatar wadda za ta tsara sallamarsu ta koya wa dangi jinya kafin a tafi gida. Shirin yaƙi da cututtukan da ba a ɗauka, da asusun tsaron zamantakewa na CNSS da na ƴan fansho, da ƙungiyoyin da ke aiki da ƴan gudun hijira, duk suna hulɗa da tsofaffi. A sama kuma akwai alkawuran da ƙasashe suka ɗauka: shirin Madrid na 2002, yarjejeniyar Tarayyar Afirka kan haƙƙin tsofaffi ta 2016, da shekarun 2021 zuwa 2030 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa tsufa cikin ƙoshin lafiya. Irin waɗannan takardu ba sa motsi sai an sami mai lissafi a hannu. Babban binciken Hukumar Lafiya ta Duniya kan tsofaffi, SAGE, ƙasa biyu kawai ya shiga a Afirka, Gana da Afirka ta Kudu. Duk wanda ya auna tsofaffin Sahel da kyau, aikinsa zai sami masu karatu.

Don haka kada ki jira sai an ɗauke ki kafin ki fara. Ki nemi yardar majo, ki buɗe rajista ta dabam ga duk wanda ya kai 60 da ya shigo CSI ɗinku: shekarunsa da yadda kika gano su, abin da ya kawo shi, magungunan da ke cikin ledarsa, tansiyo kwance da tsaye, ko ya faɗi cikin shekarar nan, yadda yake salla, wa ya rako shi, wa ke kwana da shi. Ki ware rana guda a mako, ki sa masu shelar lafiya na ƙauyuka su sanar. Bayan wata shida za ki ga tambayar bincikenki ta fito da kanta, ko ta faɗuwa ce, ko ta maganin talla, ko ta jikokin da jinya ta raba da karatu. Ki zaɓi guda ɗaya ƙarama wadda za ki iya gamawa, ki rubuta ta a shafi biyu, ki aika wa malamin da kike so ya jagorance ki. Wasiƙa mai ɗauke da abin da kika gani da idonki ta fi wadda ke cewa kina ƙaunar tsofaffi saurin samun amsa. Kafin nan ki gyara ƙididdigarki, ki kuma koyi karanta Ingilishi ko da ba ki iya magana da shi ba, don yawancin binciken fannin da shi ake bugawa.

In lokacin binciken gaske ya zo, sai kin bi ta kwamitin ɗa'ar bincike na ƙasa kafin ki tambayi kowa komai. A ƙauye za ki gai da maigari, ki gai da liman, babban ɗa kuma zai ce ya yarda a madadin mahaifinsa. Ki gode masa, sannan ki durƙusa ki nemi yardar tsohon da kansa, da Hausar da yake ji, ki faɗa masa yana iya ƙi ba abin da zai rasa. In kin zo tambayar fitsari, ko damuwar zuciya, ko yadda ake riƙe da shi a gidan, ki roƙi dangi su ɗan ba ku wuri.